Lambun Unguwa: Sadaka Mai Gudana Da Mata Za Su Iya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ciyar da tsuntsu a sheƙarsa da tururuwa a raminta. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 A wannan fitowa ina so mu ɗan ajiye babin tsarki da na zamantakewar aure, mu yi maganar dashen itace. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, me ya haɗa matar aure da wannan? Ai aikin maza ne, ko na ma'aikatan gandun daji." To 'yar uwa, ki leƙa madafarki tukuna. Wa yake hura wuta safe da yamma? Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da dama da suka saba girki da gas ko kananzir sun koma icce da gawayi. Kowane buhun gawayi da ya shigo gidanki, wata kirya ce ko wani marke da aka kayar a daji. Ban ce haramun ba ne, dole a ci abinci. Amma wadda take ɗiba kullum ya kamata ta tambayi kanta yaushe ta taɓa mayarwa. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, mu kuma muna ganin yadda zafi yake ƙaruwa a unguwannin da aka sare itatuwa aka zuba siminti.

Ba daga gwamnati aka fara wannan kira ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga wurin wata mata Ba'ansariya mai suna Ummu Mubasshir, ya same ta a cikin gonar dabinonta. Ya tambayi wanda ya dasa dabinon, aka shaida masa Musulmi ne. A nan ne ya yi bushara cewa duk abin da mutum ko dabba ko wani abu mai rai ya ci daga dashen Musulmi ko shukarsa, za a rubuta masa ladar sadaka. Bukhari da Muslim sun kawo irin wannan ma'ana ta hanyar Anas, inda aka ambaci tsuntsu ma. Ku lura da inda aka yi maganar: a lambun mace. Wannan bushara da malamai suke ta kawowa a kan mumbari, a gaban 'yar uwarmu aka faɗe ta, a tsakanin itatuwanta.

Akwai kuma ƙissar innar shi Jabir ɗin, wato 'yar uwar mahaifiyarsa. An sake ta, tana cikin idda, lokacin yankan dabino ya zo, ta so ta fita ta girbe nata. Wani mutum ya tsawata mata. Da ta kai maganar gaban Manzon Allah, sai ya umarce ta ta je ta yanki dabinonta, ya kuma nuna cewa mai yiwuwa ta yi sadaka da shi ko ta aikata wani alheri. Wannan ma yana cikin Sahihu Muslim. Ba ina cewa mace ta zari mayafi ta fita ba tare da sanin maigida ba. Izinin miji yana nan, suturar Musulunci tana nan. Abin da nake nunawa shi ne matan sahabbai sun mallaki lambuna, sun kula da su, sun ciyar daga gare su, kuma Shari'a ba ta ga aibu a ciki ba.

Batun haɗa hannu kuwa, mu da muka gaji gayya da adashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi, yana bawa a Madina, ubangidansa ya gindaya masa sharaɗin fansar kai: ya dasa masa dabino 300 su kama, da kuma uƙiya 40 ta zinariya. Ina bawa zai samu wannan? Manzon Allah ya ce wa sahabbai su taimaki ɗan uwansu. Wannan ya kawo dashe 30, wancan 20, wani 15, wani 10, kowa gwargwadon ƙarfinsa, har adadin ya cika. Aka taru aka haƙa ramuka, Manzon Allah da kansa ya riƙa sanya dashen da hannunsa mai albarka. Imamu Ahmad ya kawo ƙissar a Musnadinsa. Kullum na karanta ta, mai dashe 10 ɗin nan nake tunawa. Bai ji kunyar ƙanƙantar abin da ya kawo ba, kuma ba don irinsa ba da 300 ba ta cika ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da mu, har da inda muka yi kuskure, don kada ku maimaita.

A bayan Islamiyyar da nake koyarwa akwai wani kangon fili da ya zama juji. Leda ko'ina, yara suna bahaya a ciki, da damina sauro ya hana mu karatun dare. Filin na wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, ya faɗo a cikin rabonta na gado. Wata rana bayan darasi ta ce ta ba mu shi, a yi abin da zai amfani jama'a, Allah Ya kai ladar gare ta da mamacin. Murna ta ɗebe mu. Muka yi karo-karo, muka sayo dashe 30, matasan unguwa suka share wurin, aka dasa a rana ɗaya, aka yi addu'a, aka raba ƙosai, kowa ya watse. Kafin damina ta zagayo, 7 ne suka rage. Awaki sun cinye wasu, gara ta ci wasu, sauran kuwa ƙishirwa ce ta kashe su a watan Maris da Afrilu, lokacin da kowace ta ɗauka wata ce take ban-ruwa. Mun yi ta ɗora wa juna laifi, har wasu biyu suka daina gaisawa na ɗan lokaci. Subhanallahi, aikin da aka faro don neman lada ya kusa zama sanadin gaba.

Abin da muka gano shi ne dasawa aikin yini ɗaya ne, reno kuwa aikin shekara uku ne, kamar dai haihuwa da goyo. Ko a manyan shirye-shirye haka abin yake. Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa don tare hamada a 2007, Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015, ana aiki a jihohi 11 na Arewa, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Duk inda aka dasa ba a samu mai kula ba, labarin ɗaya ne da namu. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma wata dabara da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututturen da ya yi toho a gona, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a yi ta kula da su har su zama itace. Da wannan aka dawo da miliyoyin itatuwa, gawo da kalgo da sabara, ba tare da an sayi dashe ba. Da muka ji haka muka koma filinmu muka duba da kyau, sai ga kututturen magarya biyu da aduwa ɗaya suna toho a gefen katanga, mu kuwa har mun sa yara su sassare su. Yau magaryar nan ta fi duk abin da muka saya da kuɗi lafiya.

Kafin mu sake dasa komai, wani malami ya ja hankalinmu kan abin da ya fi awaki haɗari, wato maganar filin kansa. Ya ce, "Yau Hajiya tana raye kowa ya san ta bayar. Ranar da ta faɗi ta mutu, mangwaro ya girma, filin ya yi daraja, wa zai hana magada su ce aro ne?" Gaskiya ya faɗa. Sau nawa muka ga makaranta ko rijiya ta koma hannun magada saboda ba a rubuta komai ba?

Hanyar da Shari'a ta tanada ita ce waƙafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi. Asalinsa filin da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, wanda ya ce bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai shi daraja ba. Ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa. Sai Umar ya shar'anta cewa ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, amfanin na matalauta ne da dangi da baƙo da matafiyi da sauransu, mai kula da shi kuma zai iya ci daidai misali. Kun san wa ya damƙa wa kula da wannan waƙafi bayansa? 'Yarsa ce, Uwar Muminai Nana Hafsatu, Allah Ya yarda da ita. Don haka kada wata ta ce riƙon amanar dukiyar jama'a ya fi ƙarfin mace. Sai dai a mazhabarmu akwai sharaɗin da mutane suke sakaci da shi: dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa, waɗanda aka ba su karɓa tun tana da rai da lafiya. In ta ci gaba da riƙe shi har ciwon ajali ya same ta, zancen ya koma wani babi. Mun zauna da 'ya'yanta maza da mata, da liman, da mai unguwa, aka auna filin, aka rubuta iyakokinsa da abin da aka bayar dominsa, shaidu suka sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Ina shawartar duk ƙungiyar da za ta yi irin wannan ta kai takardar ofishin filaye na ƙaramar hukuma ko na jiha, domin tun daga dokar filaye ta 1978 hukuma tana da ta-cewa a kan kowane fili.

A karo na biyu mun rage buri. Muka fara da shinge kafin dashe, ba dashe kafin shinge ba. Wanda ba shi da kuɗin waya, ƙaya ta isa, kuma kowane dashe a kewaye shi da kwando ko tsofaffin bulo. Mu mun bi shingen da lalle, ga kariya, ga ƙamshin furensa, ga na ƙunshi. Muka jira damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai kamar rabin mita faɗi da zurfi, a cuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, kuma shi ya jawo mana gara a karon farko. A yage ledar a hankali kada ƙasar jikin saiwa ta warwatse. Mangwaro yana son sarari, a bar mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan uwansa, gwaiba da lemo kamar mita 5 zuwa 6. A nisanta manyan itatuwa daga katangar maƙwabci, domin saiwa tana tsaga gini, reshe yana zubar da ganye a kwanon mutane, kuma addininmu ya hana cutarwa ko da da sunan aikin lada ne.

Ku nemi mangwaro mai aure, yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya ɗauki ninkin haka. Duk tohon da ya fito a ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman. Furen shekarar farko ma a tsinke, ko da yake na san da ciwo, don itacen ya yi ƙarfi tukuna. A tsakankanin manyan a sa masu saurin amfani, zogale da gwanda, waɗanda a shekara ɗaya za a fara mora. Wannan yana da muhimmanci, domin zuciyar ɗan Adam tana gajiya da jiran abin da ba ta gani. Ranar da muka yi kwaɗon zogalen farko muka ci a makaranta, waɗanda suka ja baya duk suka dawo.

Ban-ruwa shi ne jarrabawar. Muka raba itatuwan, kowane gida da nasa, an san wannan lemon na wance ne, in ya yi yaushi ita za a tambaya. Wadda ba ta fita sai ta wakilta ɗanta. Muka binne tsofaffin tuluna a gindin dashen, bakinsu a waje an rufe, a cika su bayan kwana biyu ko uku, ruwan yana tsatstsafa a hankali zuwa saiwa. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa don rana kada ta shanye laimar, amma kada ciyawar ta taɓa jikin itacen saboda gara. Sannan muka jawo magudanar wurin alwalar ɗalibai zuwa cikin lambun. Ruwan alwala mai tsarki ne, kuma asara ce ɗalibai sama da ɗari su yi alwala kullum ruwan ya tafi kwata. Na ce musu wadda ta karɓi itace ta karɓi amana, kuma itacen da aka bari ya mutu da ƙishirwa bayan an yi alkawari, a ji tsoron tambaya a kansa.

Inda muka fi yin gardama shi ne wani ɓangare na filin da na ce a bar shi ba noma ba dashe, ciyayi da furannin daji su fito yadda Allah Ya so. Wata dattijuwa ta ce, "Malama, yanzu mun kwashe shara don mu tara ciyawa?" Aka yi dariya. Na ce mata Inna, a cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum da aka sa wa sunan ƙudan zuma, Suratun Nahli, kuma a aya ta 68 da 69 Allah Ya ba da labarin yadda Ya kimsa mata inda za ta yi gida da abin da za ta ci, da waraka da ke cikin abin da take fitarwa. To ita a ina za ta yi kiwo in mun share komai mun fesa magani? Ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari su suke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, da haka gwaiba da lemo da mangwaro suke ƙulla 'ya'ya da yawa. Itatuwa suna fure na ɗan lokaci ne, sauran watannin ƙwarin nan suna bukatar abinci. A ƙarshen jerin tsirran da aka lissafa a Suratu Abasa ma, bayan inabi da zaitun da dabino, an ambaci ciyawar da dabbobi suke ci, a matsayin ni'ima.

Kuma abin da muke kira ciyawa, rabinsa miya ce da magani. Da damina ta sauka sai ga tafasa da furenta rawaya, ga gasaya mai farin fure, ga karkashi, ga lalo, ga ɗaɗɗoya da ƙamshinta. Muka watsa irin yakuwa da rama a gefe. 'Yan matanmu da suka tashi a birni ba su san ko ɗaya ba, sai da ita Innar da ta yi gardama ta zaga da su tana faɗa musu sunaye, har da yadda aka rayu da tafasa a shekarun yunwa. Amma barin wuri ba sakaci ba ne. Mun fitar da hanyoyi a tsakiya saboda macizai, muna tumɓuke ƙarangiya, da tumfafiya saboda nononta yana cutar da idon yara, da wuta-wuta wadda furenta gwanin kyau amma ita ce mai kashe dawa da gero a gonakin mutane. Ba a yanka sai bayan iri ya bushe ya zuba a kaka, sannan a yanke a ba masu dabbobi kafin hunturu, kada wani ya yar da guntun wuta aikin shekaru ya tafi a dare ɗaya.

Saura tambayar da take raba kan ƙungiyoyi: wa zai ci? Ku yanke wannan tun itatuwa ba su yi fure ba. Mu mun rubuta cewa kashi ɗaya na marayu da mabukatan unguwa ne, kashi ɗaya a sayar a gyara shinge da biyan mai gadi, sauran a raba wa ɗalibai da gidajen da suka yi reno. Ku karanta ƙissar masu lambu a Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla za su yi sammakon girbi a ɓoye don kada miskini ya shigo musu, suka wayi gari lambun ya ƙone ƙurmus. Ƙungiyar mata ma tana iya faɗawa wannan rami, in shugabanni suka fara keɓe masu kyau suna aikawa gidajensu.

Yara kuwa za su yi jifa, za su haura, wannan babu makawa. Akwai ranar da aka kama wani yaro da gwaiba cike da aljihu, wata daga cikinmu ta fusata har tana neman a kai shi wurin 'yan sanda. Na tuna mata cewa a ɗaya ruwayar ta Muslim, har abin da aka sace daga dashen an ce sadaka ne ga mai shi. Wannan bai halatta wa yaron sata ba, dole a tsawata masa a sanar da iyayensa. Amma ladarki ba ta ragu ba, don me za ki tayar da hawan jininki? Muka ba shi lemo ɗaya ya riƙa ba ruwa, muka ce in ya yi 'ya'ya shi zai fara tsinka. Har yau yana zuwa. A kuma koya wa yara cewa yin bahaya a inuwar da mutane suke hutawa yana cikin abubuwan da hadisi ya ce suna jawo tsinuwa.

Wadda ta je aikin Hajji ta ga itatuwan dogonyaro a filin Arfa, ta san darajar inuwa a ranar da rana take tsakiyar ka. Ba ta san wanda ya dasa ba, amma na tabbata ta yi masa addu'a. In unguwarku babu fili, tsakar gidanki fa? Zogale biyu da gwanda ɗaya ba sa cin wuri. In gidan haya ne ki nemi yardar mai gidan, ki dasa, ko kin tashi wanda ya shigo zai ci. Ke kuma Inna da kike cewa shekarunki ba za su kai ki ga cin mangwaron ba, Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa ko Alƙiyama ce ta zo alhali akwai ɗan dashen dabino a hannun mutum, in zai iya dasawa kafin ta tsaya an umarce shi ya dasa. Ki aiki jikanki ya haƙa ramin, ke ki sa da hannunki.

Ita Hajiyar da ta ba mu filin Allah Ya yi mata rasuwa kafin mangwaron ya fara 'ya'ya, kuma alhamdu lillahi ko ɗaya daga cikin magadanta bai tayar da maganar ba. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa ta a addu'a. Allah Ya jiƙanta da mijinta, Ya ba mu damina mai albarka.